Fataucin Sama da Kallon Majigi



Fataken dā, waɗanda suke kora jakuna zuwa Gwanja sayo goro, sukan shafe watanni bisa tafarki a ƙarƙashin madugu. Amma jikokinsu na Karaye da Rogo, waɗanda Allah ya buɗa wa a Kantin Kwari, yau sai su tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, a birnin da jirgin sama ya fara sauka tun 1925, su sauya jirgi a Adis Ababa, kafin kwana biyu suna ƙasar Sin.

To, a cikin jirgin, a bayan kowace kujera an liƙa ɗan allon majigi, kuma sau da yawa za ka tarar da alhaji ya tuɓe hula, ya toshe kunnuwa, ya duƙufa kan fim ɗin Indiya har azahar da la'asar su shige bai farga ba, alhali kuwa shari'a ta rangwanta wa matafiyi da ƙasaru da jam'i. Ba mu ce nishaɗi haramun ne ba, domin zaman sa'a goma wuri guda azaba ce. Abin tsoro shi ne gafala, balle mutum ya sauka da jajayen idanu, ya faɗa ciniki da dillalin da ya ƙoshi da barci.

Saboda haka, alhazai, ku kalli guda ɗaya, ku kiyaye lokacin salla, sa'an nan ku rintsa.