Mayafin ƙyallaye: jawabin da anka yi wa mata a taron ƙungiya

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, mun gode da kunka baro aikin gida kunka zo.

Maganarmu ta yau a kan ɗari ce. Kowa ya san yadda Disamba da Janairu suke a ƙasar Ƙonni da Malbaza har Illela: iska ta taso da asuba, yara uku ko huɗu suna jan zane guda, gari ya waye da tari da majina. Bargo kuwa kuɗi ne. Ba mu manta ba, da anka rufe iyaka a 2019, anka sake rufe ta a 2023, kayan kasuwar Lahadi ta Illelar Amarawa sun yi wuyar samu, na kasuwar Laraba ta Ƙonni sunka hau. Alhali kowace sallah telolinmu suna share ƙyallayen atamfa buhu-buhu, wasu a cusa a matashi, saura a kai juji a ƙone. To, abin nan da ake ƙonewa shi ne mayafin ɗiyanmu.

Ga yadda ake yi, kuma allura da zare sun isa, ba sai da keke ba.

Na farko, ku wanke ƙyallayen, ku shanya, ku goge. Wanda ya zuba a ware shi, don kada ya ɓata saura. Kada ku gama atamfa da leshi ko yadi mai santsi: in an yi wanki, wani ya tsuke, wani bai tsuke ba, mayafi ya karkace.

Na biyu, ku samu kwalin sukari, ku yanka shi murabba'i, santimita 12 kowane gefe. Shi ne ma'auninku. Ku aza shi bisa ƙyalle, ku zana da alli, ku yanka. Ku fidda guda 9, masu duhu 5, masu haske 4.

Na uku, ku jera su uku-uku kamar gidajen dara, mai duhu kusa da mai haske. Ku ɗumka layi ɗaya-ɗaya, fuska da fuska, kuna barin santimita 1 a baki, sannan ku gama layukan uku. Nan ne gaggawa take ɓata aiki: in bakin ɗumki bai zo daidai ba, kusurwa ba ta gamuwa da kusurwa. Abin da kunka samu shi muke kira gida guda, santimita 30 ke nan in an gama shi da ƴan'uwansa.

Gida 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, sun rufe yaro. Gida 24 sun rufe babba. A shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, wani a tsakiya, a aza gidajen bisa, a ɗaure kowace kusurwa da zare mai kauri, a kalmashe baki.

Mun ji wasu suna cewa wanga kayan tsumma ne, abin kunya. Ba haka ba ne. An ruwaito Sayyidina Umar yana halifa yana sa riga mai maho. A Sanagal, almajiran Shehu Ibra Fal har yau da rigar ƙyallaye aka san su, kuma ba su sunkuyar da kai. Kunya ita ce yaro ya kwana yana makyarkyata.

Saboda haka ga roƙonmu. Ƴan kwamiti za su bi teloli su amso ƙyallaye. Kowace mace ta zo taro mai zuwa da gida 3. Mata takwas, mayafin babba guda ke nan. Na farko da munka gama, marayun garinmu za mu ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.