Jawabi Ga Uwayen Ƙasa Da Malamansu A Kan Haɗarin Mota A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

  Maganar da ta tara mu yau ita ce ta haɗarin mota, abin da ya ke da wuya a sami gari a ƙasan nan da bai taɓa zaman makoki saboda shi ba.

Kun san babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga da Dogon Daji da Tambuwal, ya wuce Aliero da Jega, ya nufi Yawuri da Kwantagora. Titin nan arziki ne. Ta kansa hatsinmu da albasarmu da dabbobinmu ke zuwa kudu, ta kansa kuma man fetur da kayan masarufi ke shigowa. Amma titin da manyan motoci ke bi dare da rana, shi ne kuma wanda yaro ke tsallakawa zuwa makaranta, tsohuwa ta tsallaka da tallenta, makiyayi ya tsallaka da garkensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma ba abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau 'ya'yanmu ne da jikokinmu.

In aka bi diddigin haɗarin da a ke yi, mafi yawa a kan tarar da gudu a gindinsa. Bari in tsaya a nan kaɗan, domin lissafi ne mai sauƙi, kuma ina so ku koma gida da shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, tana cin mita 28 cikin daƙiƙa guda, kimanin taku 35 ke nan na babban mutum. Direba kuwa, ko da idonsa biyu, hankalinsa na jikinsa, ya kan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye tsakanin ganin jaki a kan titi da ɗora ƙafarsa a kan burki. To, ga taku 35 sun tafi, burki bai ma fara aiki ba. Sa'an nan kuma in an ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ya kan ninka sau huɗu. Wannan ba ya canzawa don direba gwani ne, ko don ya shekara 30 yana bin hanyar.

Me a ke samu da gudun? Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne. Wanda ya riƙe 80 zai iso cikin awa ɗaya da minti 15. Wanda ya taka 120 zai iso cikin minti 50, in ya iso. Ribarsa duka minti 25, kuma sau da yawa a rumfar mai shayi za ya ɓad da su. Amma nisan da motarsa ke bukata kafin ta tsaya ya fi ninki biyu na ɗan'uwansa.

Doka ba ta bar wannan ga son ran direba ba. A cikin gari, iyakar gudu kilomita 50 ne a awa. A kan babbar hanya, ƙananan motoci da bas ba su wuce 80, tirela da tankar mai kuwa 50. Ɗarin nan da direbobi ke faɗa, na manyan tagwayen hanyoyi ne. Kada kuma ku ga kamar tsakanin 50 da 65 ba wani abu ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda mota ta banke tana gudun 65, kusantarsa da mutuwa ta ninka ta wanda aka banke a 50 fiye da sau huɗu. Saboda haka direban da ya shigo tsakiyar Tambuwal ko Dogon Daji bai sassauta ƙafarsa ba, ya riga ya yi laifi tun bai taɓa kowa ba.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗura a 1988. A 2003 aka fara tilasta ɗaura bel, a 2009 hular kwano ga masu babur, a 2017 kuma na'urar taƙaita gudu ga motocin haya. Duk sun yi amfani. Amma ma'aikatan hukumar ba su isa su tsaya a kowace kwana ba, kuma direba ya san inda su ke tsayawa, ya kan ɗaura bel in ya hango su, ya kwance in ya wuce. Abin da ba ya iya ɓoye wa shi ne garinsu. Ku kun san ubansa, kun san mai motar, kun san shugaban tashar da ya ke lodi. Nan ne aikin ya faɗo hannunku.

Ina roƙon kowane uban ƙasa ya kira shugabannin ƙungiyar direbobi da na 'yan kabu-kabu na ƙasarsa, ya zauna da su, ba sau ɗaya ba. A tasha a ke ƙulla haɗari tun mota ba ta tashi ba. A nan a ke cusa mutum biyu a kujerar gaba, har direba ya rasa inda za ya sa hannu ya canza giya. A nan a ke ɗora mutane bisa buhuna ko bisa shanu a tirela, inda in mota ta karkace ba su da abin kamawa. A nan kuma a ke sayar da ƙwayoyin hana barci ga yaron da ya kwana a hanya ya na so ya juya da safe. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, sai dai ta jinkirta shi har a zo wurin da ba a so. Ku kira masu motoci ma, domin wanda ya yanka wa direbansa kuɗin da ba su samuwa sai da sawu uku a yini, shi ya taka totur ɗin, ko da ya na zaune a gida.

Fasinjoji su ma da nasu. Mun saba jin a na yabon direba wai mai zafi ne, in kuwa wani dattijo ya ce a rage gudu, sai a yi masa dariya, a ce tsoro gare shi, ko a ce ai kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Ba mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma mutumin da ke wannan magana, shi ne ya ke kulle ƙofarsa da dare, ya ke kuma ɗaure akuyarsa. Ku sa limamai da masu shela su gaya wa jama'a cewa fasinja ya na da ikon ya yi magana, ya na kuma da ikon ya sauka. Haka nan rakiyar amarya, inda samari ke tsere da motoci da babura: mai unguwa ya isa ya hana wannan tun ranar ɗaurin aure.

Akwai kuma abin da ba laifin direba ba ne, namu ne. Shanya hatsi a bakin kwalta, da kasa kaya har kan titi ranar kasuwa, su kan tura masu tafiya a ƙasa tsakiyar hanya. Amalanke kan hau titi da magariba ba fitila ba wani ƙyalle mai haske. Mota kan lalace, a jera mata ganye da duwatsu, in an gyara a tafi a bar duwatsun. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 motoci ke bin hannun dama a Nijeriya, saboda haka mai tafiya a ƙasa ya bi hannun hagu, ya fuskanci motar da ke zuwa, ya gan ta tun daga nesa. Har yanzu yara da yawa ba a gaya musu wannan ba.

Na san mutanen ƙasar Kebbe za su ce rashin tsaro ne ke sa direba gudu don kada dare ya yi masa a daji. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Maganinsa a tashi da wuri, kada a zauna jiran cikon mutum ɗaya har la'asar sakaliya, sa'an nan a nemi biyan lokacin a kan hanya mai ramuka. Da hunturu, in hazo ya rufe, ko da damina, in laka ta hau hanya, sai a ƙara rage gudu ƙasa da abin da doka ta yarda.

Yanzu gare ku, malamai. Ina so kowane ofishin uban ƙasa ya buɗe littafi guda don wannan sha'ani. Duk haɗarin da ya auku a ƙasarku, babba ko ƙarami, a rubuta rana, da lokaci, da wurin sosai, watau kwanar kaza ko gadar kaza, da irin motar, da yawan waɗanda suka ji rauni ko suka rasu, da abin da waɗanda suka gani suka ce ya jawo shi. Ku rubuta har wanda aka sasanta a gida ba a kai wa 'yan sanda ba, gama irinsu ba su shiga lissafin kowa. Bayan wata 6 za ku ga wurare biyu ko uku suna ta maimaituwa. Da wannan littafi uban ƙasa za ya tafi wurin ƙaramar hukuma ko Hukumar Kiyaye Haɗura ya nemi alama, ko tudun rage gudu, ko a matsar da kasuwa baya. Takarda mai kwanan wata ta fi saurin samun amsa bisa ga kuka da baki.

A shafin farko na littafin ku rubuta lambar 122, ita ce ta kiran Hukumar Kiyaye Haɗura kyauta, tare da lambar asibitin da ya fi kusa da ku, ku kuma ba kowane hakimi da mai unguwa na bakin titi. In haɗari ya auku, a fara sa mutum gaba da baya nesa da wurin su tsai da motoci, kada a yi na biyu a kan na farko. Wanda ya ke kukan wuya ko baya, kada a finciko shi ta hannu da ƙafa, sai a ɗauke shi a miƙe bisa allo ko ƙyaure, wani na riƙe da kansa. Wanda jini ke zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, a kori kowa nesa, kada a bar ko yaro ɗaya ya matso da galan.