Kalmodulin, Ɗan Aike a Cikin Ƙwayar Halitta

Idan aka ambaci sinadarin kalshiyam, hankali yakan tafi kan ƙashi da haƙori. Amma yana da wani aiki a ɓoye. Ƙwayar halittar jikinmu tana korarsa waje ba dare ba rana, har wanda ke waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Saboda haka da zarar ƙofa ta buɗe ya kwararo ciki, shigowar tasa saƙo ce.

To wa ke karɓar saƙon? Wani ƙaramin furotin ne mai suna kalmodulin, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano a 1970, kowa da nasa binciken. Yana da gurabe 4 na riƙe kalshiyam. Idan suka cika sai ya sauya siffa, ya lanƙwashe ya rungumi wani furotin ya tashe shi aiki. Ire-iren furotin da yake taɓawa sun kai ɗaruruwa. Da shi jijiyoyin jini ke matsewa, da shi ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da ta koya, kuma ƙaramin kuskure a gininsa kan birkita bugun zuciyar yaro.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dabarar ƙwayar cutar tarin shiƙa. Ɗaya daga cikin gubobinta ba ta aiki sai ta kama kalmodulin na jikin mara lafiya, ta raunana garkuwarsa. Iyaye, wannan cuta tana da rigakafi, a kai yara a yi musu.