Me Ke Sa Tsohon Ɗalibi Ya Koma Makarantar Harhaɗa Magunguna da Kuɗi a Hannu?



Kwanakin baya wani abokina ɗan kasuwa ya same ni a shagona na magani ina tura kuɗi zuwa tsangayar da ta koya mini harhaɗa magunguna. Sai ya ce, "Malam, makarantar gwamnati ce fa. Ka biya kuɗin karatu, sun ba ka takardarka, an rabu. Mene ne kuma na bin su da kuɗi?" Tambayar tasa ba ta banza ba ce, shi ya sa na ce bari mu tattauna ta a shirinmu na yau.

Da farko dai, wannan karatu ba da allo da alli kaɗai ake yin sa ba. A Najeriya ɗalibi yakan yi shekara 5 ko 6 a jami'a, rabin rayuwarsa a ɗakin gwaje-gwaje. Dole ya auna garin magani da sikelin da ke kama abin da ido ba ya gani. Dole ya buga ƙwaya da hannunsa, ya jefa ta cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, ya ga minti nawa za ta yi kafin ta narke. Akwai kuma na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin ƙwaya, ta faɗa maka ko maganin da aka rubuta a kwali yana ciki, ko alli ne aka dunƙula. Irin waɗannan na'urori daga waje ake sayo su, sinadaran da suke ci ma haka, ga shi ba sa son wuta mai ɗaukewa. Gwamnati tana biyan albashi, asusun TETFund yana yin gine-gine yana sayo kayan aiki, amma buƙata ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Wanda ya zauna a ajin nan shi ya san inda ke yoyo, domin ya taɓa tsayawa layi yana jiran madubin gani-har-hanji guda ɗaya. Shi ya sa tsohon ɗalibi yakan riga kowa sa hannu a aljihu.

Dalili na biyu shi ne wanda ya shafe mu duka, mu mazauna bakin iyaka. Magani ba ya neman biza. Kwalin da aka sauke a Kano, kafin mako ya zagayo yana Maraɗi ko Damagaram. Wanda ya bi ta Ƙonni, gobe yana Illela. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Mu kuwa ba labari aka ba mu ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. A 2008 zuwa 2009 ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, saboda an gauraya shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. Su wa ke gano irin wannan? Masu aiki a ɗakunan gwaji na NAFDAC a Najeriya da LANSPEX a Yamai. To, a ina suka koyi aikin? A waɗannan tsangayoyi, irin na Zariya da Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jami'ar Abdou Moumouni. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta hana masu jabun magani barci, ita ma irin wannan aji ne ya yaye ta a Nsukka. Don haka attajirin da bai taɓa shiga jami'a ba, in ya saya wa tsangaya na'ura, jikansa yake karewa.

Na uku, bincike. Maganin sikila da ake kira Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar, daga tsirrai aka haɗa shi, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Ka ji fa, kayan da ke kasuwar ƙauyenmu. Amma kafin a ce ganye ya zama magani mai awo, sai an shekara ana gwaji, gwaji kuwa kuɗi yake ci.

Na huɗu, wani ramuwar alheri yake yi. Ni kaina a shekarata ta 4 mahaifina ya rasu, saura kaɗan in tattara in koma gida. Wani tsohon ɗalibi da ban taɓa gani ba ya biya mini. Har yau ban san sunansa ba. Abin da nake turawa yanzu bashi ne nake ragewa, kuma ina fata Allah ya karɓa a matsayin sadaka mai gudana.

Sai dai ina da jan kunne. Kada ka bayar ido rufe. Ka tambayi tsangayar abin da ta fi buƙata, kada ka kai mata ƙofa mai ado alhali batirin sola take nema. Kuɗi su bi ta asusun da aka sani, a riƙa karanta lissafi a taron tsofaffin ɗalibai. In za a sayi na'ura, a ware na gyaranta da na horar da mai kula da ita, in ba haka ba ƙura ce za ta gaje ta. Kuma kada ka raina abin hannunka, da ɗaya-ɗaya ake cika rumbu.

Abokin nan nawa da na gama yi masa bayani, sai ya yi shiru, ya ɗauki maganin zazzaɓin da ya zo saya wa 'yarsa, ya jujjuya kwalin, ya ce, "Ba ni lambar asusun."

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.