GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: HALIN 'YAN HAYA A DEI-DEI

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da leburori da masu sana'o'i a wani taron jam'iyyarmu a Dei-Dei, Birnin Tarayya. Mun kawo shi ne domin 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna biranen Kurmi, gama ciwon iri ɗaya ne.



Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Kubwa, ba sai an gaya masa ya iso Dei-Dei ba. Ga rodi jibge, ga buhunan siminti, ga kwanon rufi da katako da bututun ruwa iyakar ganin ido. Da wuya a sami wata unguwa ta masu hali a cikin Abuja wadda ba a loda wa kayan gini daga kasuwar nan ba. To, amma in magariba ta yi aka tashi kasuwa, sai ku bi ɗan dakon da ya yini yana ɗora rodin nan a mota, ku ga inda zai sa haƙarƙarinsa, a Saburi ne ko Dakwa ko Gwagwa ko Jiwa. Ɗaki ne na bulon ƙasa wanda aka shafe da siminti domin a ɓoye tsaga, kwanonsa na yoyo, wayar lantarki tsirara tana lilo bisa kansa, masai ɗaya tak ga dukan gidan, ita kuwa rijiyar da ake sha tana maƙwabtaka da shadda. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kuma ba kyauta yake kwana a nan ba, ya biya kuɗin shekara cur tun kafin a miƙa masa mabuɗi, ban da la'adar dillali da abin da ake kira kuɗin yarjejeniya.

Lalle ne mu san yadda aka yi abin ya zama haka, domin wanda bai san tushen cuta ba, ba ya iya neman maganinta. A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa sabon Birnin Tarayya, kuma Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta danƙa dukan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Watau filin da mutum ya saya daga hannun dagaci ko mai unguwa a nan, a idon hukuma ba nasa ba ne, in dai ba ita ta ba shi takardar mallaka ba. Gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, jama'a suka biyo ta tururuwa, alhali kuwa birnin bai tanadar wa mai gadi da birkila da ɗan ga-ruwa wurin kwana ba. Daga 2003 zuwa 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke Ministan Birnin Tarayya, aka yi rusau mai yawa, katafila ta bi ta kan unguwanni irin su Idu-Karmo, ɗimbin talakawa suka watsu zuwa gefen birni. A 2006 kuma aka hana acaba a tsakiyar gari. Kowa ya kwararo nan, ɗaki ya yi wuya, ya zama mai ɗaki shi ne sarki.

Sai ku dubi lissafin mai gidan da ya yi gini a filin da ba shi da takarda. Ya san ko yaushe ana iya zuwa a shafa wa bangonsa jan fenti. Don haka ba zai zuba rodi da siminti na kirki ba, zai yi gini mafi araha, ya karɓi kuɗin haya mafi yawa, kuma ya karɓe shi gaba ɗaya, domin in katafila ta zo ta tarar ya riga ya mai da kuɗinsa. Ranar rusau kuwa, wanda ake watsa wa tukwane da katifa a bakin titi shi ne ɗan haya, wanda wataƙila watanni biyu kaɗai ya ci daga cikin goma sha biyun da ya biya.

Ba na cewa kowane mai gida azzalumi ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina ɗakuna huɗu, da su yake ci da iyalinsa, kuma akwai ɗan hayar da ke cinye masa haƙƙi ya gudu da dare. Kazalika ba na yarda a mai da maganar nan ta ƙabilanci, gama cikin masu tatsar yaranmu har da namu na gida, waɗanda kan kama ɗaki ɗaya su cusa samari kamar kifin gwangwani, suna karɓar kuɗin kwana a hannun kowannensu. Maganata a kan wanda ya san gininsa tarko ne, ya kuma zuba mutane a ciki.

Me doka ta ce? A nan Birnin Tarayya, dokar da ake aiki da ita wajen fitar da ɗan haya ta samo asali ne tun zamanin Turawa. Ta ce mai biyan wata-wata a ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara a ba shi ta wata shida, in ba su yi wata yarjejeniya dabam ba, sa'an nan a ƙara masa kwana 7 kafin a kai shi kotu. Ku riƙe wannan da kyau: mai gida ba shi da ikon kware maka rufi, ko ya cire ƙofa, ko ya turo 'yan daba su yi waje da kayanka, sai da umarnin alƙali. Amma dokar nan ba ta ƙayyade yawan kuɗin da za a karɓa gaba ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙuduri a Majalisar Dattawa domin a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, amma wa'adin majalisar ya ƙare a 2023 bai zama doka ba.

'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 za su ce ai su Jihar Legas tana da doka. Haka ne, kuma ba yau aka fara ba. Birgediya Mobolaji Johnson ya kafa dokar ƙayyade kuɗin haya tun 1973, Kanar Buba Marwa ya kafa tasa a 1997, sa'an nan Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a kan wata a 2011. Ita ta 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta yanke tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya saɓa. Wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tsiya kuwa, tararsa ba ta wuce Naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. To, mu auna. A 2011 mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, watau tarar farko ta fi albashin wata biyar. A 2024 da albashin ya koma Naira 70,000, tarar ba ta kai na wata ɗaya da rabi ba. A farkon shekarar 2024, ku masu sayar da siminti shaidu ne, buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Ashe ke nan hukuncin bai fi kuɗin buhu goma ba. Wane mai gida ne zai rushe bango ya sake gini, alhali tara ta fi gyara araha? Abin da ya fi ban takaici shi ne, dokar ta ce wanda ya biya kuɗin da ya wuce kima shi ma mai laifi ne daidai da wanda ya karɓa. Ɗan hayar da ya kai ƙara, kansa ya kai.

Sakamakon irin wannan hukunci na jeka-na-yi-ka ba ɓoyayye ba ne. Ran 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rufta a Ita-Faji cikin tsibirin Legas, akwai makarantar yara a samansa, aƙalla mutum 20 suka rasu. Ran 1 ga Mayu, 2022, wani benen 'yan haya ya faɗi a Ebute Metta, ya ci rai 10. Duka biyun, hukuma ta ce ta riga ta yi musu alamar haɗari tun kafin su faɗi, amma mutane na ciki suna biyan haya. A nan gida ma, cikin Agusta 2023, bene ya rufta a tsohon ƙauyen Garki, mutum 2 suka rasu, aka zaƙulo fiye da 30, sa'an nan Minista Nyesom Wike ya ba da umarnin a kamo mai ginin. Kamu bayan an yi jana'iza ba ya ta da mamaci.

Kakanninmu ba haka suka san kalmar mai gida ba. Tun da aka kafa Sabo a Badun a 1916, fatake masu shanu da masu goro a gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba baƙo masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi, ya ci la'adarsa a ciniki. In ya ci amana, magana ta isa gaban Sarkin Hausawa, ta bi fatake har Kano da Sakkwato, baƙi su ƙaurace wa gidansa, arzikinsa ya karye. Ba ya bukatar ɗan sanda ya tsorata shi, domin cuta ta fi gaskiya tsada a wurinsa. Malamanmu da ke zaune a nan kuma sun san abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta hukunta a babin haya, cewa idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a sauran kwanakin. Ma'ana, abin da ya rage na kuɗi haƙƙin ɗan haya ne.

Ko a Ingila sai da suka gane haka. A 2016 suka ba ƙananan hukumomi ikon cin tarar mugun mai gida har fam 30,000, da neman a hana shi ba da haya sam, da neman a tilasta masa mayar wa ɗan haya kuɗin da ya kai na wata 12. Wannan na ƙarshe shi ne abin da nake so wakilanmu su ɗauka zuwa Majalisar Tarayya, wadda ita ce ke yi wa Abuja doka, da majalisun jihohin Kudu. Kada a sake rubuta adadin naira a cikin doka, hauhawar farashi ta zo ta cinye shi. A ɗaura tara a jikin kuɗin hayar gidan, ta yadda in haya ta hau ita ma ta hau. Duk ginin da aka shafa wa jan fenti, a sanar da mazaunansa a rubuce ran nan, kuma kowace naira da mai gida ya karɓa bayan wannan rana ya mayar da ita ninki. Jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, a gurfanar da shi tare da mai ginin. A kuma cire ɗan haya daga cikin masu laifi, ya zama mai ba da shaida.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Da yawa daga cikinmu kan miƙa kuɗin shekara hannu da hannu, babu rasit, babu shaida, wai don kunya ko don gudun a ce ba mu yarda da mutum ba. Ranar shari'a kuwa alƙali takarda zai tambaya. Ku biya ta banki in da hali, ku karɓi rasit mai ɗauke da suna da adireshin gida da ranar da haya za ta ƙare, ku tafi da shaidu biyu. Ina kuma roƙon shugabannin kasuwar kayan gini da ta katako da ta dabbobi a nan Dei-Dei, da Sarakunan Hausawa na Legas da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, kowannensu ya buɗe littafi a ofishinsa. Wanda ya kama ɗaki ya zo a rubuta gidan da abin da ya biya. Gidan da aka kware wa ɗan'uwa rufi, ko aka hana shi sauran kuɗinsa, a rubuta shi ma, domin yaron da ya sauko daga mota gobe da jakarsa a kafaɗa a buɗe masa littafin ya duba tun bai kwance lalitarsa ba.