Matanmu da Gwajin Maganin Sankara: Jawabi a Taron Reshe

 

Na nemi izinin tsayawa a gabanku ne saboda abin da ya faru da yayata. Ta ji ƙululu a mamanta tun farkon damina, ta yi shiru. Cewa ta yi a bari a cire masara, a sayar da auduga, tukuna a sami kuɗin mota. Ba mu kai ta babban asibiti ba sai da hunturu ya shiga, ciwon ya riga ya yi nisa. A can wata likita ta miƙo mana takarda, ta ce suna bincike a kan masu irin ciwonta, ko za ta yarda ta shiga. Kafin in gama karanta shafin farko, mijinta ya ce: "Ba za a yi gwaji da matata ba." Muka naɗe takardar, muka dawo gida. Har yau ina tuhumar kaina, domin ni ce mai ilimin boko a cikinmu, amma ban yi wa likitar tambaya ko guda ba.

Ban ga laifin tsoronsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Amurka, matan da asalinsu daga Latin Amurka ne ba su da yawa a gwaje-gwajen maganin sankara, kuma matsalolinsu irin namu ne: bambancin harshe, kuɗin zirga-zirga, da rashin mai yi musu bayani.

To amma gudun ma yana da nasa hasara. Sankarar mama ita ce ta fi kama matan Nijeriya, sai ta bakin mahaifa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kama mata kimanin 12,000, ta kashe kimanin 8,000 a ƙasar nan a 2020. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ya nuna cewa sankarar mama a tsakanin matan Afirka ta Yamma takan zo da ƙuruciya, kuma sau da yawa nau'i ne mai wuyar magani. Idan duk maganin da ke zuwa mana a jikin wasu aka auna shi, ta yaya likita zai san abin da ya fi dacewa da matar Bakori ko Ƙafur? Manomi ma ba ya yarda da sabon iri sai ya ga yadda ya yi a ƙasarsa. Kuma bincike ba baƙo ba ne a yankinmu. A shekarun 1970 an gudanar da babban bincike a Malumfashi a kan cututtuka irin su tsargiya, abin da aka gano kuwa likitoci sun amfana da shi har a wajen ƙasar nan.

Bayan abin da ya faru a Kano an kafa ƙa'idoji. Tun 2007 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma dole kwamitin ɗa'a ya amince da bincike kafin a taɓa majinyaci. A gwajin maganin sankara, galibi ana kwatanta sabon magani ne da wanda aka saba bayarwa, ba a barin majinyaciya haka kawai. Saboda haka idan aka kawo muku irin wannan takarda, ku yi tambaya biyar. Wane kwamiti ne ya amince da binciken? Mene ne illar da aka sani? Wane magani za a ba ta idan ta ƙi shiga? Wa zai biya kuɗin mota da na jinya idan wata matsala ta taso? Tana iya janyewa duk lokacin da ta so? Amsar ta ƙarshe dole ta zama e, ba tare da an rage mata kulawa ba. Haƙƙinta ne kuma a yi mata bayani da Hausa. Idan aka kasa amsa waɗannan, kada ta sa hannu.

Me ya haɗa malamin firamare da wannan? A ƙauyukanmu, mu ake kawo wa takarda mu karanta. Kuma 'yan matan da ake yi wa allurar rigakafin HPV, masu shekara 9 zuwa 14, da dama daga cikinsu suna zaune a azuzuwanmu. An fara allurar a Nijeriya a watan Oktoba na 2023, ta iso Jihar Katsina a 2024. Mu fahimtar da iyaye cewa wannan allura ta riga ta wuce matakin gwaji, ƙasashe da dama sun yi shekaru suna amfani da ita.

Ga 'yan uwana malamai maza, roƙona shi ne ku zauna a yi shawara da iyalinku kafin ku yanke hukunci, domin jikin nata ne, ciwon ma ita ke jin sa. Ga malamai mata, idan kin ji ƙululu ko kin ga jinin da ba na al'ada ba, kada ki jira kaka, kada ki jira albashi. Ina kuma ba reshe shawara ya gayyato ma'aikaciyar lafiya zuwa taronmu na gaba, da taron iyaye da malamai na kowace makaranta.

Yayata ta rasu kafin damina ta zagayo. Ba na cewa binciken zai hana ajali, rai na Allah ne. Amma da na yi tambaya, da mun yanke hukunci a kan sani. Allah Ya jiƙanta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.