Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Kula da Abokan Ciniki

 

Duk wanda ya ga farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san amfanin sana'ar da waɗannan matasa da ake yayewa a yau suka koya. Mai shago ya tura kuɗi, an zare daga asusunsa, wanda aka turawa kuma bai ga alat ba. Mai shagon ya buga wa banki waya, kiɗa kawai yake ji har katinsa ya ƙare.

Irin wannan cunkoso ne ya sa kamfanoni suka rungumi ƙirƙirarriyar basira. Tun 2018 bankin UBA ya fito da Leo, manhajar da ke hira da kwastoma a Facebook, daga baya har a WhatsApp, tana faɗa masa abin da ya rage a asusunsa ko da tsakar dare ne. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin ya sanar cewa cikin wata guda manhajarsa ta amsa hira miliyan 2.3, aikin ma'aikata 700 ke nan, kuma matsalar da ke cin minti 11 ta koma ƙasa da minti biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma labarin bai tsaya nan ba. A 2025 shugaban kamfanin, Sebastian Siemiatkowski, da bakinsa ya amsa cewa garin neman sauƙin kashe kuɗi ingancin aiki ya ragu, suka koma ɗaukar mutane.

Na Kanada ma ya fi ban mamaki. Wani bawan Allah kakarsa ta rasu, ya tambayi manhajar Air Canada batun rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza. Ta ce ya sayi tikiti, daga baya ya nemi a mayar masa da rarar cikin kwana 90. Ashe ba haka ƙa'idar kamfanin take ba. Da maganar ta kai gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, sai kamfanin ya nemi ya ɗora wa manhajar laifin, tamkar mai shagon da ya ce babu ruwansa da alkawarin da yaron shagonsa ya ɗauka. Kotu ta ƙi wannan hujja a 2024, ta umarci kamfanin ya biya.

A nan gurbin waɗannan ɗalibai yake. Na'ura za ta amsa tambaya dubu kafin mutum ya sha ruwa, amma dattijon da fanshonsa ya maƙale, ya shigo ransa a ɓace, sai ya sami wanda zai gaishe shi da Hausa, ya ba shi kujera, ya bi takardarsa har kuɗin su shigo.

Kirana ga 'yan kasuwa da shugabannin bankuna da ke wannan zaure shi ne, duk manhajar da za a kafa, a bar wa kwastoma hanyar isa ga ɗan Adam, kuma a ɗauki waɗannan matasa su tsaya a wannan ƙofa. Ɗalibai, Allah Ya sanya albarka a abin da kuka koya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.